Gaiwar da Na Kai Aji

Assalamu alaikum, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta rubuto min cewa in ji tsoron Allah in daina kare biri. Na gode, 'yar uwa, Allah Ya ba mu tsoronSa baki ɗaya. Amma ki daure ki karanta wannan har ƙarshe, sannan ki zage ni da hujja.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Halimatus Sa'adiya, a gida Sa'a ake ce min. Malamar bayoloji ce ni a wata sakandaren 'yan mata a nan Haɗeja. Shekarata ashirin da takwas, kuma lokacin da wannan abu ya faru saura kwana goma sha biyu a ɗaura min aure da Rilwanu, mutumin da na shekara uku ina so kamar in zauce.

Sai kun san gidanmu za ku fahimce ni. Umma da Baba 'yan uwan juna ne, kuma a zamaninsu ba wanda ya san wani gwajin jini kafin aure. Mu huɗu Umma ta haifa, biyu suka zo da sikila. Fatihu mun binne shi yana ɗan shekara tara. Jannatu tana nan, shekararta goma sha tara, amma in kun gan ta sai ku ce 'yar sha uku ce, idanunta kullum ruwan ɗorawa. Ni kuma AS ce, wato ina ɗauke da ƙwayar ciwon amma ba ya tashi a jikina. In na auri mai irin jinina, kowane ciki na ɗauka akwai yiwuwar, ɗaya cikin huɗu, in haifo wata Jannatun.

Ranar da aka fita da Fatihu na rantse a raina ba zan taɓa yi wa ɗana haka ba. Shi ya sa duk saurayin da ya yi sallama da ni, kafin in tambayi sana'arsa sai na tambayi jininsa. Na kori mutum uku a kan haka, har Gwaggo Saude, yayar Baba, ta sa min suna Likita Bokan Turai.

Rilwanu manomi ne, shinkafa da damina, alkama da rani, a gonarsu ta wajen Guri. Baƙi ne dogo, ba ya son hayaniya, in ya yi dariya sai ya rufe baki da hannu kamar wanda ya yi laifi. Da na tambaye shi jininsa ya ce bai taɓa gwadawa ba. Na matsa masa lamba, kullum sai na tuna masa. Wata ranar Talata da damina ya turo min hoton kati a watsaf, ga sunansa ɓaro-ɓaro, ga AA a ƙasa. Wallahi a tsakar gida na yi sujada, goshina duk laka. Daga ranar na saki zuciyata ta tafi inda take so.

To, yanzu ga abin da ya jawo min zagin da kuke gani.

A manhajar 'yan aji shida akwai darasin juyin halitta, kuma yana fitowa a jarrabawa. Malamai da yawa tsallake shi suke yi, su ce yara su karanta da kansu. Ni kuwa rawar kaina ba ta bar ni ba. Na je kasuwar kifi na sa wani masunci ya samo min gaiwa mai rai, irin wadda ake tonowa da fartanya a busasshiyar fadama da bazara, tana naɗe cikin laka tana jiran ruwa ya dawo. Na sako ta a bokiti, na hau adaidaita da ita, ruwa yana fantsalar min a hijabi.

"Wannan mene ne?" na tambayi ajin.

"Gaiwa, Malama!"

"Kifi ce?"

"Kifi ce!"

"To ku zuba ido."

Ba a jima ba ta ɗago kai saman ruwa ta haɗiyi iska. Na ce musu kifi ce amma da huhu take numfashi, in ka danne ta a ƙasan ruwa ka hana ta ɗagowa, mutuwa za ta yi. Na ce masana suna kafa hujja da irinta cewa halittu suna sauyawa sannu a hankali, zuriya bayan zuriya. Wanda jikinsa ya dace da inda yake shi ke rayuwa ya haihu, 'ya'yansa su gaje shi. Na ba su misali da sauron garin nan, wanda maganin feshin da ke kashe kakanninsa yanzu ko a jikinsa.

Sai wata daga baya ta ɗaga hannu. "Malama, wai gaskiya ne mutum daga biri yake?"

Na ce, "Littafinku bai ce biri ya haifi mutum ba. Cewa ya yi mutum da biri asalinsu ɗaya can baya, bisa abin da aka gani a ƙasusuwa da jini. Mu kuma Musulmi ne, mun yi imani Allah Ya halicci Annabi Adamu. Ku san abin da littafin ya ce da hujjarsa, ku riƙe imaninku."

Ashe akwai mai waya a ƙarƙashin hijabi. Duk wannan bayani, daƙiƙa tara aka yanko: ni tsaye da alli a hannu, ina cewa mutum da biri asalinsu ɗaya. Kafin la'asar ya zaga gari.

Ina shiga gida na tarar da Gwaggo Saude zaune a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, akwatunan lefena shida a buɗe gabanta. Ta zo ware atamfofin da za a kai ɗinki ne, ga leshi ruwan zuma a cinyarta, ga kwalaben humra da turaren wuta da dangin Rilwanu suka haɗo, kun san Barebari da ƙamshi. Ko amsa sallamata ba ta yi ba.

"Ga jikar biri nan ta dawo."

"Gwaggo, yanke maganar aka yi."

"Da bakin wa aka yanka? Ke dai kin kashe mu, Sa'a. Ɗan Goni guda za ki aura, gidan da ake saukar Alƙur'ani duk shekara, shi ne za ki ɗauki kifi a bokiti ki je ki yi saɓo a gaban 'ya'yan mutane?"

Umma tana bakin murhu, sai juya miya take yi wadda ba ta buƙatar juyi. Jannatu ce ta leƙo daga ɗaki, ta naɗe da zane duk zafin nan, ta ce, "Gwaggo, in Yaya Sa'a jikar biri ce, ke fa 'yarsa ce ke nan." Gwaggo ta wurga mata mafici. Na yi dariya.

Wayata ta yi ƙara. Rilwanu ne.

"Kin ga abin da ke yawo?"

"Na gani. Ka yarda na faɗi haka?"

"Na san ki, Sa'ata. Amma an tura wa Baa. Ya ce yana son ganinki gobe bayan la'asar."

"Ni? Gaban surukina?"

"Ya ce ba a matsayin suruki ba, a matsayin malami. Ki zo da babba. Don Allah ki sassauta harshe."

Ya san halina, shi ya sa ya ƙara wannan ta ƙarshen.

Washegari na sa doguwar riga baƙa da hijabi ruwan toka har ƙasa, ko hoda ban shafa ba. Gwaggo ta raka ni, tun daga gida har ƙofar gidansu tana karanta min abin da zan ce: na tuba, sharrin Shaiɗan ne, ba zan ƙara ba.

Goni Ari, mahaifin Rilwanu, yana zaune a kan buzu a zaurensa, littattafai jibge a gefensa, farin gemu, farar hula. Kakanninsa daga wajen tafkin Chadi suka zo, har yanzu in ya yi magana ana jin Barbarci a harshensa. Rilwanu da ƙaninsa Muttaka, wanda suke noma tare, suna rakuɓe a bakin ƙofa. Na durƙusa nesa, kaina a ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Halimatu," ya ce, "ban kira ki don in tozarta ki ba. An turo min guntun zance, ni kuma ba na hukunci da guntu. Wa ya halicce ki?"

"Allah."

"Wane ne uban mutane?"

"Annabi Adamu, alaihis salam."

"To me ya kai ki?"

Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu, alamar in fara tuban. Na buɗe baki da niyyar haka, wallahi. Amma yadda ya yi tambayar, a natse, kamar da gaske yana son ya ji, sai na ji ba zan iya yi masa wasan kwaikwayo ba. Na faɗa masa duk abin da na ce a aji, da gaiwar, da sauron.

Ya shafa gemu. "Sauron da kike faɗa, da ya ƙi mutuwa, ya zama tantabara?"

"A'a, Allah gafarta Malam."

"Sauro ne dai."

"Sauro ne. Amma wannan a 'yan shekaru ne da muka gani da idonmu. Su suna maganar shekaru dubu dubbai. Ƙaramin sauyi ne ke taruwa."

"Wa ya zauna ya ƙirga?"

"Ƙasa ce ta ajiye. In an haƙa, ana samun ta hawa-hawa, na ƙasa ya fi na sama tsufa, kuma ƙasusuwan da ke kowane hawa sun bambanta, suna sauyawa daga ƙasa zuwa sama. Sannan in aka jera ƙashin hannun mutum da ƙafar gaban akuya da fiffiken jemage, tsarinsu ɗaya ne, gaɓa da gaɓa."

Sai ya yi murmushi. "Maƙeri ɗaya ne ya ƙera su, 'yata. Dole aikinSa ya yi kama da juna."

Ya burge ni, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Ban musa ba. Ni ba na koyar da wa ya yi, wannan na san amsarsa tun ina Islamiyya. Ta yaya aka yi, shi nake koyarwa."

"A kan kifi da sauro ba ni da ta cewa, Allah Yana yin yadda Ya so da halittarSa. Amma Adamu nassi ya zo a kansa. Ya za ki yi da shi?"

Na ce, "Ban sani ba. Na yi imani da nassin, kuma na ga hujjar da ke littafin, ban san yadda zan haɗa su ba. Ba zan yi ƙarya a gabanka in ce na sani ba."

Gwaggo ta saki salati a hankali. Da na tsaya a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma Goni ya ce, "To kin gani. Abin da ba ya da amfani sai rikita yara, zato ne na Turawa, ba abin da ya shafe mu a ciki." Wannan kalma ta "ba abin da ya shafe mu" ita ta taɓo min inda ke ciwo, kaina ya ɗau zafi, na manta da sassauta harshen da aka roƙe ni.

"Ya shafe mu, Allah gafarta Malam. Hujjar tana cikin jinina. Me ya sa sikila ta yi yawa a ƙasashen sauro, irin fadamar nan tamu, amma ba ta da yawa inda babu shi? Saboda yaro mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro. Tun zamanin kakanni zazzaɓi yana ɗibar yara, masu ɗauke da ƙwayar suna tsira, su girma su haihu. Shi ya sa ba ta ƙare ba. Abin da ya tsare ni shi ya kashe ƙanina Fatihu. Ni da Jannatu uwa ɗaya uba ɗaya, ni AS, ita SS, autanmu AA. Kowane ɗa da rabon da yake ɗauka, ba a haihuwar biyu iri ɗaya. Wannan bambancin shi ne tushen duk darasin."

Zauren ya yi tsit. Na ɗauka maganata ce ta ratsa su, har wani daɗi na fara ji, Allah Ya yafe min. Sai na ji muryar Muttaka daga bakin ƙofa.

"Wai... uwa ɗaya uba ɗaya, kuma jinin ya bambanta?"

"Sosai ma," na ce.

"Ko da nono ɗaya aka sha?"

Na juya na dubi bakin ƙofa. Ba ni Muttaka yake kallo ba, yayansa yake kallo. Rilwanu kuwa gumi yana bin gefen fuskarsa, ya sa hannu ya rufe baki, amma wannan karon ba dariya yake ba.

"Rilwanu," Goni ya ce, "mene ne?"

Da ƙyar maganar ta fito. Daminar da na matsa masa a kan gwaji, ita ce shekarar da kogi ya yi ambaliya. Yana can Guri cikin ruwa har ƙugu, suna jera buhunan ƙasa don kada shinkafa ta tafi, kwana ashirin bai shigo gari ba. Ni kuma kullum saƙo, kullum kati. Sai ya ce wa Muttaka, da zai shigo sayen mai na injin ban ruwa, ya biya wani ɗakin gwaji ya ba da jini da sunansa. Mai gwajin suna kawai ya tambaya, ya rubuta.

"Wallahi, Baa, ban yi don cuta ba," ya ce. "Na ɗauka jininmu ɗaya ne. Ciki ɗaya muka fito."

Shekara biyu ina ajiye da hoton katin nan a wayata, in raina ya ɓaci in buɗe in kalla in ji sanyi. Ashe jinin Muttaka nake kallo. Kuma katin yana can hannun limamin unguwarmu, wanda ba ya ɗaura aure sai ya ga takardar gwaji.

Tasbahar Goni ta tsaya cak a hannunsa. Sannan ya ce, "Gobe ka je da ƙafarka, a ɗebi naka. Ba a ɗaura aure a kan ƙarya a gidana, ko ta ganganci ko ta wauta." Ya juyo gare ni. "Maganar jini magani ce, na karɓa. Maganar biri ban karɓa ba. Ki ɗauki murya a waya ki janye ta, ki ce kuskure ne, a saka inda aka saka ta farko. In kin yi haka, jini kuma ya yi kyau, ranar aure tana nan."

A raina na ce babi ɗaya ne fa a littafin, shafi huɗu ne tsakaninsu. Amma na ce, "To."

Da safe na bi Rilwanu asibiti, na tsaya a kansa har na ga allura ta shiga jijiyarsa da idona. Bai iya kallona ba. A bakin ƙofa ya ce, "Ki yafe min, Sa'a." Na ce, "Ka yi addu'a kawai." Ina son in rufe shi da faɗa, ina kuma son in riƙe hannunsa, ban yi ko ɗaya ba. Aka ce ya dawo jibi.

Kwana biyun nan ban san me na ci ba. A makaranta shugabarmu ta ce in ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. Gaiwar tana bayan ɗakinmu a bokitinta, ba wanda ya yarda ya dafa ta, Jannatu ce ke canza mata ruwa. Na hana ta taɓa ruwan sanyi, ta ce ita da gaiwa 'yan uwa ne, duk a kwance suke jiran sauƙi.

Ranar karɓar sakamakon, da hantsi, ciwonta ya tashi. Ya fara daga gwiwa, kafin azahar ya kama baya da ƙirji. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Yarinyar da ke tsokanar Gwaggo ita ce ke birgima a katifa tana cizon filo, tana cewa ana sara mata ƙashi da gatari. Umma tana gasa mata jiki da tawul da ruwan zafi, Baba ya fita neman adaidaita da zai kai mu asibiti. Ina riƙe da ƙafarta wayata ta yi ƙara.

Hoto ne daga Rilwanu. Sunansa, kwanan wata, da haruffa biyu. AS.

Ban yi kuka ba. Na zame na zauna a ƙasa. Gwaggo Saude, da ta zo da telan anko, ta karɓe wayar daga hannuna ta ƙura mata ido. Ba ta iya karatun boko ba, amma haruffan nan biyu duk gidanmu ba wanda bai san su ba. Ta ja ni tsakar gida.

"Saurara, Sa'a. Wa ya gani?"

"Ni da shi."

"To ya tsaya nan. Katin farko yana wurin liman, ba wanda zai tambaya."

"Gwaggo!"

"Kar ki yi min Gwaggo. Ke da bakinki kika ce ɗaya cikin huɗu ne. Ukun fa? Ba Allah ke ba da lafiya ba? Ko shi ma kin daina yarda?"

"Umma ma ɗaya cikin huɗun ne. Ta haifi huɗu, biyu suka zo da shi."

"Shekararki ashirin da takwas. Duk garin nan an gan ki kina cewa kakanki biri. In wannan ya tafi, wa zai zo? An kai lefe, an raba goro, an yanka anko. So kike ubanki ya kasa fita masallaci?"

Na juya wajen Umma, tana tsaye a ƙofar ɗaki da tawul yana ɗiga. Na so ta ce wani abu, ko na'am ko a'a. Ta dube ni, ta dubi akwatunan, ta koma ciki wurin 'yarta.

Saƙonnin Rilwanu suka fara shigowa a jere.

"Ban gaya wa Baa ba tukuna."

"Zan iya ce masa ya yi kyau. Ba zai nemi gani ba, bai taɓa zaton zan yi masa ƙarya ba."

"Sa'a, ba zan iya rabuwa da ke ba. Wataƙila duk yaranmu lafiya za su zo."

"Ki yi muryar nan kawai ki turo min. Ki ce duk abin da kika koyar kuskure ne. Sauran ki bar min."

Ku da kuke zagina, ga inda za ku ji daɗi: na yarda. Ni mai rantsuwa a kan gawar Fatihu, ni mai korar samari, na karanta saƙon nan na ji zuciyata tana cewa uku ai sun fi ɗaya. Na tuna dariyarsa, na tuna ɗakin da ya yi mana fenti ruwan ganye don na ce ina so. Na ce in dai cewa kuskure ne zai ba ni Rilwanu, to kuskure ne, da gaiwar da sauron da jinin duka. Son shi ya fi ƙarfin ilimina, kuma na ji kunyar kaina ko a lokacin.

Na koma ɗaki don in guje wa idon Gwaggo, na zauna a bakin katifa, na share fuska. Na danna wurin ɗaukar murya na riƙe. Na buɗe baki zan ce assalamu alaikum, ni ce Halimatus Sa'adiya.

Sai Jannatu ta ƙwalla ƙara.

Ba irin ta ɗazu ba. Ta damƙe hannuna na hagu har farcenta ya shige, tana cewa, "Wayyo Umma, ƙashina! Umma ki ce Ya ɗauke ni in huta! Me na yi? Yaya Sa'a, me na yi?" Umma tana tofa mata addu'a, tana cewa, "Ki yafe mana, 'yar nan, ba mu sani ba. Wallahi ba mu sani ba."

Yatsana yana kan wayar duk wannan lokaci. Na duba, daƙiƙa arba'in da bakwai, ban ce ko kalma ɗaya ba. Da na ja yatsan gefe, da ta goge. Na kalli Umma. Ita tana da abin da za ta ce wa 'yarta, ba ta sani ba. Ni me zan ce wa tawa?

Na ɗaga yatsana, muryar ta tafi wurin Rilwanu da ihun Jannatu a ciki.

Alamar nan ta koma shuɗiya, ya saurara. Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Daga nan shiru. Baba ya zo da adaidaita, muka ɗauki Jannatu a zane muka tafi asibiti, aka sa mata ruwa da allurar kashe zafi. Sai wajen la'asar ta samu barci. Umma ta ce in koma gida in ɗauko flas da kayan sawa.

Ina cikin haɗa kayan, Gwaggo tana tsakar gida tana faɗa wa tela yadda za a yanka wuyan rigar kamu, wayata ta yi ƙara.

"Na gaya wa Baa gaskiya. Na je na karɓo katin Muttaka daga hannun liman. Ina ƙofar gida, ki fito in gan ki."

Na karanta sau uku. A nan kukan da ya ƙi zuwa tun rana ya zo, na toshe baki da hijabi don kada a ji. Ban taɓa son Rilwanu kamar a wannan minti ba, kuma na san bankwana ya zo yi min.

Na wanke fuska, na gyara hijabi, na fito. Gwaggo ta ɗago leshin nan ruwan zuma tana murmushi.

"Angon ne a waje ko? Ce masa ya turo awon hularsa, saura kwana takwas."

Na ce, "To, Gwaggo." Na wuce ta, na nufi zaure.